Masu Karanta Ruwa a Bakin Kanal

Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana bin kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam ba tare da inji ya tura shi ba. Abin da ya narke a cikinsa ido ba ya gani. Tsohon manomin rani kuwa ya san inda ake kama shi.

Ka same shi da hantsi cikin hunturu. Zai durƙusa a bakin fangali, ya sa farce ya kankaro farin ɓurɓushin da ya kwanta a saman kunya, ya taɓa a harshe, ya tofar, ya ce, "Wurin nan ya fara kanwa." Sannan ya ɗaga ganyen albasa ya nuna maka bakinsa a ƙone, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Yaro zai ce a ƙara ruwa da taki. Shi kuwa fartanya zai ɗauka ya nufi magudana, ya yashe ta, ya cire ciyawar da ta toshe ta, sannan ya malale gonar da ruwa mai yawa ya bar shi ya wuce. Ya san rana ruwa kawai take sha, gishirin nan take barinsa, kuma kowane buhun kamfa ƙari ne a kai. In gishiri ya yi yawa, saiwa ba ta iya zuƙa, shuka ta mutu da ƙishirwa tana tsaye cikin danshi. Ya kuma san albasa ce mai raki, alkama ta fi ta haƙuri nesa ba kusa ba.

Abin da ya burge ni shi ne, masu kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi mai tsirrai a birni ilimin nan suke bi, sai dai su da ma'auni. Wata 'yar na'ura ce kamar biro, a tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba, wato miligiram nawa ya narke a lita guda. Galibinsu suna riƙe akwatin tsakanin 100 da 300. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki ruwan ban-ruwa da bai kai 450 ba a matsayin marar matsala, wanda ya haura 2,000 kuwa mai haɗari. Na teku yana kusan 35,000.

Sai dai na'urar makauniya ce ta wani gefen. Yadda lantarki ke ratsa ruwan take aunawa, ba ta gaya maka ko kashin kifi ne, ko taki, ko ma'adinan rijiyar burtsatse. Nan gwani yake rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo in ya ga ruwa ya ja baya sai ya cike, lamba ta yi ta hawa bai san dalili ba. Gwani yana kwashe kamar sulusi duk mako ya zuba sabo, magudanarsa ke nan. Ba ya saukar da lamba a tashi ɗaya, don kifi ba ya son sauyin bazata. Kuma ba ya ɗokin zallar ruwan sama, saboda kusan fanko ne, tsiro ba zai sami abin gina jiki ba. Surkawa yake yi, ya auna, ya rubuta.

Ƙungiyoyin manoman da ke kula da rabon ruwa a Bunkure da Kura, ku sayi wannan biron ko da guda ɗaya ne, ku damƙa shi a hannun dattawan da tun tuni suke aunawa da harshe.