Kan Yumɓu Da Kitson Kakanni

'Yan'uwana mata, kwanakin baya a gidanmu na Samaru ƙanwar maigidana da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta nuna min hoton wani kan mutum na yumɓu, irin na Nok. Na ce, "A'uzubillahi, gunki!" Ta ce, "Anti, dubi kitson dai tukuna." Ai kuwa na ƙura ido. Tukkaye ne reras, ga duwatsun wuya jibge, kamar amaryar da za a kai ɗaki. Shekararsa ta haura 2,000.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda waɗannan kawuna suka zama hajar Turawa. A shekarun 1990 masu haƙa sun yi ta tone ƙasa a kudancin Kaduna, Katsina da Sakkwato, dillalai na saye da 'yan kuɗi ƙalilan suna fitarwa. A 2000 gidan tarihi na Louvre a Faransa ya baje biyu na Nok, sai a 2002 aka amince na Nijeriya ne, aka bar musu aro na shekara 25. Haka Meksiko ke fama da mutum-mutumin mayaƙanta na yumɓu da ake tonowa daga kaburbura.

Mai jera su a falo wai son fasaha ne. Wane irin so? Ni ko tukunyar ƙasa zan saya a kasuwar Sabon Gari sai na tambayi garin da aka gina ta. Shi kuwa bai san ramin da kan ya fito ba, balle wanda aka yi wa kitson.