Mai Awon Sandar Golf

Kowane manomi ya san fartanyar da ta yi wa wansa daidai tana iya sa masa ciwon ƙugu. Haka abin yake a wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Doka ta yarje wa ɗan wasa sanduna 14 a jakarsa, kuma akwai wanda sana'arsa ke nan, ya daidaita kowacce da jikin mai ita.

In ka je wurinsa, ba sanda zai fara miƙo maka ba. Zai ce ka miƙe tsaye da takalminka, ka saki hannuwa. Ya auna tsawonka, sannan ya auna daga wuyan hannunka zuwa ƙasa, domin mutum biyu kan zo tsawo ɗaya amma hannun ɗaya ya fi sauka. Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping a Amurka, ya mayar da wannan awo jadawali a 1972, ɗigon fenti a kan sanda na nuna irin jikin da ta dace da shi.

Wurin allo ne abin ya fi burge ni. Sai ya manna siririn tef a ƙarƙashin kan sandar, ya ɗora ƙwallo bisa wani allon roba mai tauri, ya ce ka buga. Ƙarfen ya goga allon, tabo ya fito a tef ɗin. Ya juya sandar, ya ƙura wa tabon ido. In yana tsakiya, lafiya lau. In ya karkata wajen dunduniya, wato gefen da ƙota ta shiga, to bakin sandar a ɗage yake lokacin bugu, kuma ƙwallon badame hagu za ta riƙa yi. In wajen baki yake, dama za ta nufa. Daga nan sai ya danne kan a cikin mari, ya saƙala dogon ƙarfe a wuyansa, ya tanƙwara a hankali. Digiri ɗaya ko biyu ne kawai, abin da ido ba ya gani. Kan da aka ƙera da dukan guduma yana bin hannu, na zubi kuwa yana da taurin kai, in an matsa masa sai ya karye. A tafin hannunsa yake jin inda zai tsaya.

Sai ƙota. Da can ta itace ce, sai a 1929 hukumar wasan da ke Sikotilan ta halatta ta ƙarfe. Yau na'urar TrackMan ta ƙasar Denmak tana auna saurin bugunka da tashin ƙwallo da juyawarta. Maza da yawa kan nemi ƙota mafi tauri don a ce su ƙarfafa ne. Shi mai awon kuwa lambobin yake bi. In bugunka a sanyaye yake, mai laushi zai ba ka, don mai tauri ba za ta ɗaga maka ƙwallo ba.

Mariƙi ne na ƙarshe. Yana ƙara naɗin tef a ƙarƙashin robar har sai yatsunka biyu na tsakiya sun ɗan taɓa tafi, ba su nutse ba.

Wani kuwa zai shekara goma da sandunan da ya tsinta a kanti, kullum yana ɗora laifi a kan iska ko yaron da ke riƙe masa jaka, bai taɓa juya sandar ya dubi ƙasanta ba.

In kana wasa a Kano ko Kaduna da sandunan gwanjo, ka tuna jikin wani suka saba da shi. Ja layi a tsaye da maka a jikin ƙwallo, ka fuskantar da shi wajen sandar, ka buga. Layin zai fito a fuskar ƙarfen. In ya karkace, kai ta a gyara.