Ganɗoki Ko Gandoki?

Wata rana a nan Isa na tarar da wani wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci yana karanta wa jama'a littafin Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Karatunsa ba laifi, sai dai duk inda ya iske sunan jarumin sai ya ce Gandoki. Har wani tsoho ya tambaya ko don yawan hawa aka sa masa sunan.

To, ba haka ba ne. Sunansa Ganɗoki, da ɗ irin ta ɗaki da ɗoki, ba d ta doki ba. Wanda ya yi makarantar allo ya san dal dabam, ɗa mai hannu dabam. A boko kuwa 'yar ƙugiya ce kaɗai ta raba su, ga shi keken rubutu ba shi da ita, sai ta faɗi a hanya.

Kada mai karatu ya ce wannan ƙaramin abu ne. Malam Bello ya san abin da ya zaɓa. Mutumin nan ba ya jin labarin faɗa ya zauna. Ya kara da Turawa, bai huta ba sai ga shi ƙasar aljannu da ɗansa Garba Gagare. Ɗokin nan shi ke jan labarin tun daga farko, mawallafin kuwa ya ajiye shi cikin sunan. In ka ce Gandoki ka mai da shi barde kurum, barade kuwa ba su yi wa Gobir kaɗan ba.