Kwana a Ɗakin Sarki Afonso

A garin Guimarães da ke arewacin Fotugal, sunan Afonso Henriques ya zama jari. Shi ne sarkin farko na ƙasar, ya rasu a 1185, kuma masu masaukin baƙi sun daɗe da gano cewa ɗakin da aka liƙa wa sunan sarki ya fi ɗaki mai lamba kawai farashi. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: gadon katako mai nauyi, labule mai kauri, garkuwa fara mai shuɗin gicciye a bango, sai hoton wani ƙato mai gemu riƙe da takobi. A gefen gadon kuma ga 'yar takardar lambar shiga intanet, ga na'urar sanyaya ɗaki tana huci.

Wannan fuskar da ke bango ba ta Afonso ba ce. Siffar da 'yan Fotugal suka saba da ita ta fito ne daga mutum-mutumin da Soares dos Reis ya ƙera, wanda aka kafa a Guimarães a 1887, shekara ɗari bakwai bayan mutuwar sarkin. Ko kabarinsa da ke cocin Santa Cruz a Coimbra, sai a ƙarni na 16 Sarki Manuel I ya sa aka sake masa gini. Ita kanta al'adar kwantar da baƙo a cikin tarihin ƙasa jiya-jiya ce. A 1940 gwamnatin Salazar ta yi gagarumin bikin cika shekara 800 da kafa Fotugal, sannan a 1942 aka buɗe masaukin gwamnati na farko, irin wanda suke kira pousada, a garin Elvas, ƙarƙashin António Ferro, shugaban ofishin farfagandar gwamnati. Daga baya aka riƙa mai da tsofaffin ganuwoyi da gidajen ibada masaukai. Don haka ɗakin sarki ya fi ba da labarin ƙarni na 20 a kan na 12.

Abin da ɗakin ke ɓoyewa shi ya fi daɗin ji. A 1128, a filin São Mamede kusa da Guimarães, Afonso ya gwabza yaƙi da mahaifiyarsa Teresa, ya ƙwace mulki daga hannunta. Lisbon kuwa a hannun Musulmi take sai da ya ci ta a 1147, da taimakon mayaƙan gicciye da suka biyo ta teku, kuma garin ya sha wasoso. Fafaroma ma bai amince da sarautarsa ba sai 1179. Wane mai otel ne zai rataya wa baƙonsa wannan a kan gado? Har wurin haihuwarsa masana na gardama, domin Coimbra da Viseu ba su sallama wa Guimarães ba.

Inda na ga an yi aikin da mutunci shi ne Santa Marinha da Costa, a kan tudun da ke kallon garin. Gidan ibada ne da ake danganta kafuwarsa da Sarauniya Mafalda, matar Afonso. Mai zanen gine-gine Fernando Távora ya gyara shi, aka buɗe shi a matsayin masauki a 1985. Bai ƙirƙiro wa sarki gado ba. Ƙananan ɗakunan 'yan zuhudu ya mayar ɗakunan baƙi, sabon ɓangaren da ya ƙara kuma ya bar shi da kamannin zamaninsa.