So ko Farauta? Tarken Fim Ɗin Darr

1.0 Gabatarwa

Finafinan Indiya sun daɗe da samun gindin zama a gidajen silima na ƙasar Hausa, kuma da yawansu sun ginu ne a kan maza biyu masu neman mace ɗaya. Darr, wanda Yash Chopra ya ba da umarninsa a 1993, yana daga cikin irin waɗannan, sai dai ya cuɗanya soyayya da fargaba. Ma'anar sunan ma da Hindi ita ce tsoro. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigon fim ɗin da salonsa sun yi hannun riga: jigon ya la'anci mai naci, salon kuwa ya wanke shi.

2.0 Jigo a Taƙaice

Kiran (Juhi Chawla) ɗaliba ce da ke son Sunil (Sunny Deol), hafsan sojan ruwa. Rahul (Shah Rukh Khan), ɗan shugaban Sunil a wurin aiki, ya kamu da sonta tun suna kwaleji ba tare da ya taɓa bayyana mata kansa ba. Ya dinga bibiyarta ta tarho, ya kutsa gidansu ranar bikin Holi fuskarsa shafe da launi, ya kuma kashe abokinsa don a zaci shi ne mai bibiyar. Bayan an ɗaura aure ya bi ango da amarya har Suwizalan, inda Sunil ya kashe shi a cikin jirgin ruwa.

3.0 Salo da Taurari

Abu na farko da manazarci zai lura da shi shi ne, babu takara ta gaskiya a labarin. Kiran ba ta taɓa yin wasiwasi tsakanin mazan biyu ba, domin ɗayansu ma ba ta san fuskarsa ba sai can gaba. Hausa ta bambance so da ƙauna da bege, kuma al'ada ta tanadi zance don a ji ta bakin yarinya. Abin da Rahul ke yi bai kai matsayin neman aure ba, farauta ce.

Duk da haka, marubucin da mai ba da umarni sun tara wa Rahul duk dabarun jawo tausayi. Shi aka ba in'ina, wadda ke kama shi a harafin farko na sunan Kiran, har ta zama tambarin fim ɗin. Shi aka ba maraici, ana nuna shi yana hira ta tarho da mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Waƙar buɗe fim, wadda Shiv-Hari suka tsara kiɗanta, daga bakinsa ta fito, alhali Kiran na zaton Sunil ne ke rera ta. Ko yanka ƙirjinsa da ya yi da wuƙa don rubuta sunanta, an haska shi tamkar sadaukarwa, ba alamar taɓin hankali ba.

Sunil kuwa ƙarfin damtse kawai aka bar masa. Kiran ta fi kowa rashin rabo: yawancin fitowarta kuka ne da gudu da ɓuya. Tsoron da aka raɗa wa fim ɗin suna nata ne, amma zuciyar da aka buɗe wa mai kallo ta Rahul ce. Shi ya sa mai laifin ya fi jarumin shiga rai, kuma wannan fitowa tana daga cikin waɗanda suka ɗaga Shah Rukh Khan.

4.0 Kammalawa

Ba a musun gwanintar Darr ta fuskar tsarin labari da ɗaukar hoto, har ya sami lambar yabo ta ƙasa a Indiya. Rauninsa yana ga saƙonsa. Kashe Rahul a mintocin ƙarshe bai isa ya goge dogon lokacin da aka ɗauka ana ƙawata nacinsa ba. An ce so hana ganin laifi. A nan mai kallo aka hana wa gani. Ya kamata masu nazarin littattafan soyayya da finafinan Hausa su riƙa yi wa kowane labari irin wannan tambaya guda: wa aka ba bakin magana, mai bi ko wadda ake bi?