Tsirkiya Ɗaya, Baki Ɗaya: Gwanintar Ɗan Maraya Jos

Lokacin da muke yara a Dangoma, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991, akwatin rediyo guda kan tara rabin unguwa bayan sallar isha'i. Wani baffana ne mai akwatin, kuma shi kaɗai ke da ikon murɗa ta, ko dai Rima Rediyo ko gidan rediyon Kaduna. Wata rana da dare aka sako wata waƙa, ana ta cacar baki a cikinta: ga mace tana zuga, ga wata tana amsawa, ga namiji yana faɗa, ga wani siririn kiɗa yana bin su a guje. Da aka ƙare sai Baffa ya dube ni ya ce, “Kai ɗana, mutum nawa ka ji cikin waƙag ga?” Na ce, “Baffa, sun kai huɗu.” Ya yi murmushi ya ce, “Mutum guda na, shi da gwangwanin kifi.”

Waƙar Gulma-Wuya ce, mutumin kuwa Ɗan Maraya Jos.

Sai wanda ya tashi a ƙasarmu zai gane abin da ya sa wannan ya ba ni mamaki. Mu a nan mun san makaɗi da ayarinsa. Aliyu Ɗandawo a fadar Argungu, ɗansa Sani Ɗandawo, Gambu na Fagada, Ɗan Anace na ’yan dambe, har zuwa Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kowane ka ɗauka akwai jama’a a bayansa: masu kiɗa, ’yan amshi, da sanƙira mai kirari. Jagora ya ja baiti, ’yan amshi su karɓe, shi kuma ya sami sararin numfashi da tunanin abin da zai faɗa gaba. Ko Shata, duk da zalaƙarsa, yana jingine da kalangai da amshi. Nauyin waƙa an raba shi kamar yadda ake raba kuyya a gayya. Ɗan Maraya ya shiga gonar shi kaɗai, da ’yar ƙaramar fartanya, ya kuma kai kuyya ƙarshe.

Sunansa Adamu Wayya. An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos, garin haƙar kuza inda Hausawa da sauran ƙabilu suka taru neman abinci. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyar ta bi shi. Sarkin ne ya riƙe shi. Ka ga ke nan sunan Ɗan Maraya ba laƙabin kasuwa ba ne, labarin rayuwarsa ne aka dunƙule a kalma biyu. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya dawo ya rungume shi, bai sake ba har ya bar duniya.

Shi kuntigi, in ka gan shi a ajiye, ba za ka ce zai iya riƙe taro ba. Asalinsa ɗan ƙoƙo ne ake rufewa da fata, daga baya aka koma amfani da gwangwanin kifi mai siffar ƙwai. A rufe bakin gwangwanin da fatar akuya, a soka siririn itace ya zama wuyansa, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Babu wani layi ko alama a jikin itacen da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, kamar yadda jita take da su. Kunne ne ma’auni. Yatsun hagu suna danne tsirkiya suna rage tsawonta, sauti ya hau. Su sake ta, ya sauko. Hannun dama kuma yana ta tsinkar ta ba hutu. In yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, sautin ya karkace, kuma babu wani kiɗa a gefe da zai rufa maka asiri. Sannan fata aba ce mai jin yanayi: da damina ta saki, da zafin rana ta ɗaure, sai mai kiɗa ya san yadda zai lallaɓa ta kafin ya fara.

Akwai wata matsala da sai wanda ya taɓa gwadawa ya sani. Mu ma mun gwada, domin babu yaron zamaninmu da bai farke gwangwani ya ɗaura masa waya ba. Goge da kukuma ana goga su ne, saboda haka sautinsu yana da tsawo, yana iya yin kuka ya ja kamar muryar mutum. Kuntigi kuwa tsinka ake yi, kuma cikinsa ƙarami ne, sautin na fita yake mutuwa. Wanda bai ƙware ba, kiɗansa sai ya fito ɗai-ɗai kamar ɗigar ruwa daga indararo, tsakanin wannan da wancan akwai rami. Ɗan Maraya ya toshe ramukan nan da saurin hannu. Yana jera bugun kusa da kusa har kunne ya daina rarrabe su, ya ji abu ɗaya yana gudana. Cikin wannan gudun kuma yakan ƙarfafa wani bugu ya sassauta wani, sai tsirkiyar ta ɗauki aikin ganga, ta ba ka taken da ƙafa za ta bi. Abu ɗaya yana yin karin waƙa, yana kuma yin kiɗa.

Amma inda na fi jinjina masa shi ne yadda ya mai da kuntigi ɗan amshinsa. Ka saurara da kyau: in ya ja magana ya kai gaɓa, ba ya yin shiru haka kawai, tsirkiya ce ke karɓa. Takan maimaita karin abin da ya faɗa, wani lokaci ta ƙara masa ɗan ado, shi kuma a wannan ɗan taƙin yake shaƙar iska ya shirya layi na gaba. Wannan yana yiwuwa ne saboda Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na ido daban, kuka ta miya daban. Wuya na jiki daban, wuya ta wahala daban. Karin murya ne ya raba su. To tsirkiya ma hawa da sauka take yi. Idan ta bi sawun jimlar da aka gama faɗa, kunnen Bahaushe sai ya ji kamar kalmomin ne aka sake faɗa masa, alhali babu bakin da ya motsa. Masu kalangu sun daɗe da sanin wannan sirri, amma su mutum ɗaya ke kiɗa wani ke waƙa. A nan kai ɗaya ne ke sarrafa harshe da hannu biyu a lokaci guda, kowanne da nasa aiki, ba mai taka wani.

Sai kuma muryoyi. A Gulma-Wuya labarin wata magulmaciya yake bayarwa, wadda ke haɗa baki da boka tana shiga gidajen mutane tana raba mata da mazansu. Bai tsaya yana ba mu labarinta daga nesa ba. Sai ya zama ita, ya siranta murya ya yi irin lanƙwasar masu kai gulma. Nan take ya juya ya zama matar gida. Ya sake juyawa ya zama boka ko maigida. Duk wannan sauyin, hannunsa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wasan kwaikwayo ne cikakke na mutum ɗaya, tun kafin finafinan Hausa su cika gari. Kuma bai buƙatar ya ce wance ta ce, wane ya ce. Muryar kaɗai ta isa ka san mai magana. Matan gidanmu sukan yi dariya har da hawaye, sannan ka ji an yi tsit, don kowa ta san wata mai irin wannan hali.

Ina ganin ƙanƙantar kayan kiɗan nan ita ta ba shi ’yanci. Mai ayari yana da bakuna da yawa da zai ciyar, dole ya nemi ubangida, sarki ko attajiri, mai ba da doki da riga da kujerar Makka. Wanda kayan aikinsa ke shiga aljihun riga, shi ke zaɓar wanda zai yi wa waƙa. Ba na cewa Ɗan Maraya bai yi wa manya waƙa ba. Ya yi, kamar kowane mawaƙin Hausa. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi yana ƙarfafa musu gwiwa. Amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau in an ambace shi ita ke fara zuwa baki, ta Karen Mota ce. Duba wanda ya zaɓa! Ba mai mota ba, ba ma direba ba. Yaron nan mai tsumma da baƙin mai, mai ɗora kaya, mai sa weji a hawa, mai canza taya cikin rana, mai tura mota in ta mutu, wanda sunan da ake kiransa da shi ma zagi ne. Shi aka ɗauka aka yi wa abin da ake yi wa sarakuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Kalgo, inda hanyar Birnin Kebbi da ta Jega da ta Bunza suka gamu, ya san yaran nan, ya kuma san ba su saba jin an yabe su ba.

Daga nan ya bi sauran rayuwar talaka gida-gida. Jawabin Aure tana jan hankalin ma’aurata su sasanta, tana nuna musu abin da saki ke haifarwa. Auren Dole tana faɗa wa iyaye gaskiya a kan ɗaura wa yarinya wanda ba ta so. Mai Akwai da Babu ta tsaya tsakanin mawadaci da matalauci. Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuwa sunanta ma ya zama maganar yau da kullum, har waɗanda ba su taɓa jin waƙar ba suna faɗa. Mu mutanen ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta rubuce-rubuce, kunnenmu ya saba da waƙen wa’azi da makafi da almajirai ke rerawa. Wataƙila shi ya sa dattawan da ba su cika son kiɗa ba suke ɗaga wa Ɗan Maraya ƙafa. Baffa yakan rage murya in an sako wasu mawaƙan, amma in kuntigi ne sai ya ƙara.

Akwai kuma sa’ar da ya yi da na’ura. Ganguna masu kauri, in aka ɗauke su a faifan garmaho ko kaset, aka sako su ta ƙaramar rediyo mai batir, sukan dagule su zama gunji, kalmomin mawaƙi su nutse a ciki. Sautin kuntigi siriri ne mai kaifi, ƙaramin lasifika yana ɗaukarsa ba tare da ya shaƙe ba, kuma ba ya gasa da murya. Ko a gajeren zango, iska tana kaɗa tashar tana kai ta tana kawowa, kana jin kowace kalma. Makiyayi a bakin fadama da rediyonsa rataye a kafaɗa yana samun waƙar cikakkiya, daidai da wanda ke zaune gaban mawaƙin a Jos. Ɗaukar ma ba ta da wahala: mutum ɗaya, makirfo ɗaya. Abin da ka ji a faifai shi ne abin da ya faru a ɗakin, babu kwaskwarima.

A wasu ƙasashe irin wannan mawaƙi, mai tsara waƙarsa da kansa ya rera ta da kayan kiɗa ɗaya a hannu, yana da babban matsayi. A Amurka Bob Dylan ya fara ne da jita da bakinsa, har ya kai ga lambar Nobel ta adabi a 2016. A Mali, Ali Farka Toure na Niafunke da ’yar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya kama jita duniya ta san shi. Su sun ƙara tsirkiya, sun ƙara mutane. Ɗan Maraya ya zaga ƙasashe da dama, ya karɓi lambobin girma na ƙasa, MON da OON, Jami’ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta, amma abin da ya hau jirgi da shi shi ne dai gwangwanin nan da fatar akuya.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Masu kaɗa kuntigi ba su ƙare ba, sai dai yawancin samarin da ke waƙa yanzu situdiyo suke shiga, kwamfuta ta ba su ganga da amshi, ta kuma gyara musu murya in ta karkace. Ba na raina aikinsu, akwai masu fasaha a cikinsu. Abin da nake so kawai shi ne su zauna su saurari Gulma-Wuya daga farko har ƙarshe, su ƙirga sau nawa aka sauya murya, su kuma nemi wurin da hannu ya tsaya.

Kwanan baya na sauka a Kalgo ina jiran abin hawa zuwa gida. Wata babbar mota ta tsaya a gefen hanya da buhunan shinkafa, yaron motar yana kwance a ƙarƙashinta yana ɗaure wani abu. Wayarsa na kan taya, ya jingina ta da dutse, tana ta fitar da siririn kiɗan nan da na sani tun ina yaro. Shekarunsa ba za su wuce ashirin ba. Direba ya leƙo ta taga ya ce, “Kai, ka gama ko mu kwana nan?” Ya ce, “Saura kaɗan, maigida,” ya miƙo hannu mai baƙin mai ya mai da waƙar farko.