Masu Ƙidayar Shirwa a Tuddan Tarifa

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Oktoba, tuddan da ke bayan garin Tarifa, can ƙuryar kudancin Sifaniya, ba sa rabuwa da mutane masu ɗaga kai sama. Kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya, wasu kuma sun kafa babba a kan ƙafa uku. Ƙasa ce ta tara su a nan. Mashigin Jibiralta, inda ya fi tsukewa, bai wuce kilomita 14 tsakanin Turai da Maroko ba. Manyan tsuntsaye irin su shirwa da gaggafa da ungulu ba su cika kaɗa fiffike ba. Iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, su yi ta kewaya har su lula, sannan su sulala gaba. Teku ba ya ba da wannan iska, don haka dole su nemi inda ruwan ya fi ƙanƙanta. In iskar gabas mai ƙarfi ta taso, wadda mutanen yankin ke kira lebante, sai tsuntsayen su yi ta taruwa a gaɓa suna jiran ta lafa.

Baƙo yakan zaci da launi ake gane tsuntsu, tunda haka littattafai suke zana shi. Amma wanda ke can ƙololuwa, rana na bayansa, baƙin ɗigo ne kawai. Gwani siffa yake karantawa: tsawon wutsiya, yadda aka riƙe fiffike, salon juyi. Kamar makiyayi ne da ke shaida saniyarsa daga nesa ta tafiyarta, tun bai ga zanen jikinta ba. Ɗauki shirwar Turai, wadda ke buɗe hijirar a Yuli da Agusta. Wutsiyarta na da ɗan tsagi, tana murɗa ta kullum tana gyara hanya. Akwai wata ƙaramar gaggafa mai gashi har ƙafa da wani lokacin take zuwa da duhun jiki irin na shirwar, sai dai wutsiyarta a yanke take daidai, kuma in ta fuskanto ka za ka ga fararen ɗigo biyu a kafaɗunta. Wanda bai san ɗigon nan ba, shirwa zai rubuta, lissafi ya karkace. Shirwar nan, af, yankin Sahel take nufa ta yi hunturu. Bakinta baƙi ne, na tamu ta gida kuwa rawaya.

Al'adar kallon tsuntsaye ba ta daɗe can ba. A 1954 aka kafa ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Sifaniya, SEO, kuma a shekarar ne littafin aljihu na Peterson da Mountfort da Hollom ya fito, wanda ya koya wa Turawa tantance tsuntsu da ido maimakon harbo shi a duba a hannu. Littafin Collins na Lars Svensson da abokan aikinsa ya biyo baya a 1999, shi ne ake gani a jakar kusan kowa yau. Yanzu ga manhajar Merlin, wadda tun 2021 take sauraron kuka ta faɗi suna.

Ban ga laifin manhaja ba, amma tana ba da suna cikin arha. Faɗin sunan tsuntsu shaida ce, mai shaida kuwa sai ya iya cewa ga abin da na gani. Shi ya sa SEO take da kwamiti mai tace rahoton tsuntsayen da ba a saba gani ba, yana neman hoto ko cikakken bayani kafin ya amince. A garin Trujillo na yankin Extremadura akwai ƙananan shaho da ke sheƙa a rufin tsofaffin gine-gine. Matansu sun yi kama da na wani shahon da ya ɗan fi su girma, har gwanaye kan duba farce: na ƙaramin fari-fari ne, na babban baƙi. In farcen bai fito ba, mai gaskiya yakan rubuta cewa ɗaya daga cikin biyun ne, ya wuce.

Inda al'adar ta fi rauni shi ne tseren cika jerin suna. Wani zai tsaya a dutsen Salto del Gitano a gandun Monfragüe, ungulaye na shawagi a kan kogin Tajo gab da fuskarsa, ya yi alama a takarda ya koma mota. Amfanin gaske yana wurin masu zama. Tun 1997 shirin Migres yake ƙidayar masu ƙetare mashigin kowace kaka, a wurare iri ɗaya, da tsari iri ɗaya. Aiki ne mai gundura, ga rana ga iska, amma da irinsa ake gane wane jinsi ke raguwa. Irin wannan ƙidaya a ƙauyuka ce ta nuna faɗuwar kurciyar Turai, har Sifaniya da Faransa da Fotugal suka dakatar da farautarta a 2021.

Masu zaman ne kuma suka fara lura, tun shekarun 1990, da wata baƙuwa cikin garken ungulayen Sifaniya: ta ɗan fi su ƙanƙanta da duhu, gashinta kamar ɓawon kifi, da farin layi a ƙarƙashin fiffike. Mikiyar Sahel ce, wadda masana ke kira ta Rüppell. Ana ganin tana biyo matasan ungulayen da suka yi hunturu a Afirka ta Yamma ne in za su koma gida. A Tarifa mutane kan yini suna tace ɗaruruwan ungulaye don su hango guda. A ƙasarta ta asali kuwa, guba da kasuwar masu magani sun ci ta, har a 2015 aka saka ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.